Matafiyin Da Ya Ƙi Gaisuwa

Can a wani zamani, an yi wani matafiyi mai ji da kansa. Ya goya jakarsa, ya shiga ƙungurmin daji shi kaɗai. A gindin wata kuka ya tarar da tsohon maharbi, ya wuce bai gaishe shi ba.

Washegari, ga kukar, ga tsohon. Ya sake wucewa. Rana ta uku, ga kukar, ga tsohon. Ashe zagaye yake ta yi, ruwan goransa kuma ya ƙare.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da hutawa. Ina hanya?"

Tsohon ya ce, "Yauwa, ɗana. Tana bayan kukar nan, ga rijiya kusa. Tun shekaranjiya nake jiran gaisuwarka."

Yara, ni ne matafiyin. Yanzu ko kututture na gani a daji, sai na durƙusa.