Gwaji Na Dubu Huɗu Da Ɗaya

Ranar Alhamis, gab da magariba, Mashudatu ta ajiye babur ɗinta a ƙofar ofishin binciken da take aiki a unguwar Jisonayili. Kowa ya tashi daga aiki. An aiko ta ne ta goge bayanan majinyatan da suka rasu.

Aikin ofishin ba ɓoyayye ba ne. Mai ciwon ƙwaƙwalwa zai sha magani, a rubuta barcinsa da tafiyarsa da yawan maganarsa, har kwamfuta ta gina kwatankwacinsa. Sai a riƙa ba wa kwatankwacin nan magani a cikin kwamfutar, a ga yadda halinsa zai sauya.

Doka ita ce a sa lamba, ba suna ba. Amma yayanta Fataw, makanikin babur a unguwar Aboabo, ta kasa mai da shi lamba. Ta rubuta sunansa da na mahaifiyarsu Mma, yadda malamai ke rubutawa in za a yi wa mutum addu'a. Ita ta lallashe shi ya shiga gwajin. Wata biyar ke nan da binne shi, kuma kullum bayan an tashi sai ta sauya awon maganin ta sake gwadawa, tana neman wanda da ya rayar da shi. Sau dubu huɗu.

Ta ce bari ta yi na ƙarshe. Ta danna.

Fanka ta tsaya. Kiran salla ya yi nisa, kamar daga ƙasan rijiya. Sai warin baƙin mai da sabulun Fataw.

A bayanta silifa ta fara ja a kan siminti. Taku shida zuwa taga, shida zuwa ƙofa. Haka maganin ya riƙa hana shi zama.

Ba ta waiwaya ba.

"Mashu," aka ce a hankali, da harshe mai nauyi. "Duk sanda kika kira ni da sunan Mma, sai na zo na sha maganin. Na gaji."

Ta so ta ce magani take nema masa. Haƙoranta suka ɗaure. Wani ɗaci ya cika mata baki, wuyanta ya fara murɗewa gefe, yawu na zuba a hijabinta.

Allon ya fara sabon gwaji da kansa. A gurbin suna, nata ne ke fitowa, harafi bayan harafi.

Yatsunta sun ƙage. Da gwiwar hannu ta danna gogewa.

Takun ya tsaya.

Da rarrafe ta fita. A ƙafa ta koma gida Moshi Zongo, ta bar babur ɗin a can.

Ta tarar da Mma zaune kan buzun salla a tsakar gida, ta karkata kunne wajen ɗakin Fataw. Tsohuwar ta ce tun rasuwarsa kullum war haka tana jin takunsa a ciki, ba ta gaya wa kowa ba don kada a kira malamai su kore shi.

"Yau bai zo ba," ta ce. "Zauna mu jira shi kaɗan."

Mashudatu ta zauna.