Wardin da Kaka Ta Nema

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata yarinya ce, auta a gidansu. Tana da kaka wadda ta daina gani. Kullum Kaka na zaune bakin taga tana cewa, "A gidan mahaifina akwai furen wardi. Ko cikin barci ina jin ƙamshinsa. Ko zan ƙara ji kafin in tafi, Allah masani."

Ran nan Baba ya kai Auta wurin mai lambu.

"Ke ce ƙawar Kaka," in ji shi. "Ke za ki zaɓa mata."

Sai wayarsa ta yi ƙara, ya koma bakin ƙofa.

Ga wardi iri-iri: mai hawa bango, gajere mai zama a tukunya, fari da rawaya. Manyan sun yi fure, ƙananan na jere cikin baƙaƙen ledoji. Idon Auta ya faɗa kan wani ja, furensa ya kai tafin hannu.

"Irin wannan nake so!"

"'Yata, wannan na kallo ne," in ji mai lambu. "Sunsuna wancan tukuna."

Ya nuna wani koɗaɗɗe mai yawan ƙaya a lungu.

Auta ta taɓe baki. "Wancan mummunan? Ai ƙawayena sai su yi mini dariya."

Ko kusa da shi ba ta je ba.

Ta dasa ɗan jan wardin ƙarƙashin tagar Kaka. Ta sa taki, tana ba shi ruwa safe da yamma. Kullum Kaka na tambaya, "Ƙawata, ya yi?"

Bayan watanni, ya yi fure. Auta ta kamo hannun Kaka, ta kai ta wurin. Kaka ta sunkuya, ta sunsuna. Ta sake sunsunawa. 

"Ashe hancin ma ya bi idanun," in ji ta a hankali. "Mayar da ni ɗaki."

Auta ta kai nata hancin. Babu ƙamshi ko kaɗan. 

Tun daga ranar Kaka ta daina zama bakin taga. Ta kwanta, abinci ma sai an lallashe ta.

Auta ta sami Mama tana kuka. "Mama, hancin Kaka lafiya lau yake. Furen ne ba ya ƙamshi. An ce in sunsuna wani, na ƙi."

"Wa kika zaɓa wa, ke ko Kaka?" in ji Mama.



Auta da Mama suka koma wurin mai lambu neman koɗaɗɗen wardin. Ya girgiza kai. "Ƙananan sun ƙare. Uwar kuma na yi mata aski, ba fure ko ɗaya."

Da ya ga hawayenta, sai ya yanko ɗan reshe. "Dasa wannan a inuwa. Yakan kama, yakan ƙi. Ban yi alkawari ba."

Ta dasa. Ganyen ya zube ɗaya bayan ɗaya, saura sanda tsirara.

"Ku zo ku gani," in ji Yayanta, "Auta ta shuka asuwaki!"

 Auta ta duba sandar, ta leƙa Kaka da ke ta ramewa. Ta ce a ranta, shi ke nan, na makara. Duk da haka ba ta fasa ba shi ruwa ba.

Kwana ya ja. Sai ga ɗan toho. Sai ga ganye. Daga baya fure ɗaya tak ya buɗe, ƙarami, koɗaɗɗe.

Auta ba ta gaya wa kowa ba. Ta buɗe tagar Kaka kawai, iska ta shiga.

Kaka ta ɗaga kai daga matashi. Ta ja numfashi mai tsawo.

"Wa ya kawo mini gidan mahaifina?" in ji ta. "Ƙawata, tayar da ni! Kuma a kawo abincin nan, yunwa nake ji."

Auta na dariya, hawaye na zuba.

To yara, in za ku yi wa mutum kyauta, ku duba abin da shi yake buƙata, ba abin da ya burge ku ba. In babba ya ce ku tsaya ku duba, ku tsaya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Gizo ba, da na tsinko muku furen ku sunsuna.