Kifin da Ba a Sa wa Ido Ba

Injin dafa ruwan gidan Tokuji ne ya mutu, shi ya jawo komai. Kwana da kwanaki yana goge jiki da tsumma, har matarsa Fusae ta gaji.

"Maigida, tun daga bakin ƙofa ake jin ƙaurin man suya a jikinka. Gidan wankan bayan tashar jirgi ai ba sa korar masu jarfa. Ɗauki tawul ka tafi."

To, nan gizo ke saƙa. Inda ake korar masu jarfa, abin da sauƙi, sai mutum ya laɓe bayan doka. Inda suke taruwa kuwa, can idon da ya san aiki yake. Shi Tokuji jarfar rabin kifi ce a bayansa. Yana saurayi ya kwanta gaban Malam Genzo mai jarfa, aka yi jela, aka jera ɓawo. Da allura ta hau haƙarƙari sai ya fashe da kuka har da majina, ya suri rigarsa, bai sake komawa ba. Kan kifin layi ne kawai, babu ido, don ido ake sawa a ƙarshe, kuma masu sana'ar sun ce da shi zane ke samun rai. Malam ya daɗe da rasuwa. Tokuji ya yi furfura, amma har yau kunya ba ta sake shi ba. Mai rabin jarfa sunansa ɗaya a unguwar: rago.

Ya zaɓi almuru, lokacin da kowa ke gaban kwanon shinkafa. Tsohuwar da ke tsaron ƙofa ko ɗaga ido ba ta yi daga talabijin ba.

"Ka taki sa'a, ɓangaren maza ba kowa."

Duk da haka da bayansa jikin bango ya tuɓe.

Ciki tururi ne kamar hazo. Ruwan ƙarƙashin garin baƙi ne wuluk, yana kwance cikin kwamin wanka, ba a ganin ƙasansa. Ya ja 'yar kujera gaban madubi, don ba a shiga kwami sai an wanke jiki tas. Famfo na ɗiga. Ƙamshin jiƙaƙƙen katako, ƙamshin sabulu.

Sai wani wari da ya sani. Tawada.

Ƙwam! Aka ajiye bokitin katako a bayansa.

"Kawo in cuɗa maka baya," in ji wata murya can ƙasa-ƙasa.

Muryar dattijo ce, kuma dattijo in ya miƙa hannu ba a cewa a'a. Tokuji ya sunkuya, kunnuwansa na zafi.

"Na gode, Baba. Bayan nawa dai... ba abin kallo ba ne."

"Na san shi."

Hannun sanyi ƙarara. Ya bi jela, ya bi ɓawo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya cak kan haƙarƙari.

"Nan ka yi kuka."

Tokuji ya goge madubi da tafin hannu. Shi kaɗai ne a ciki.

Ya ji an tsoma wani abu cikin baƙin ruwan. Sai zafi ya soke shi ƙasan wuya. Tsak. Tsak. Tsak.

"Kar ka motsa, yaro. Ido ɗaya ya shiga. Ina sa na biyu kifin zai nemi ruwa, kuma ba ya tafiya shi kaɗai."

Wani abu ya juya ƙarƙashin fatarsa. Jela ta kaɗa. Kujera ta zame, ya ji ana jansa da baya zuwa kwami. Ya cafke famfo da hannu biyu.

A daidai nan ɗakin tuɓewa ya cika da hayaniya. Samari ne, suna gardamar wa ya fi wani jure allura. Ƙofa ɗaya ce, ta tsakiyarsu za a bi.

Wallahi sai da ya tsaya tunani. Mutum na bakin halaka, amma kunya ta ce masa gara ruwan. Yatsa ɗaya ya saki famfo. Na biyu ya saki.

Tsak.

Ya kurma ihu, ya fizge, ya banke ƙofa. Ya ratsa samarin, ya wuce tsohuwa, bai tsaya ba sai tsakiyar titi, tsirara haihuwar uwarsa, gaban mai sayar da kifi da matan da ke dawowa cefane. Duk unguwa ta ga bayan. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Wani saurayi ya biyo shi da tufafinsa, yana miƙa masa daga nesa.

"Baba, wa ya yi maka idon nan? Ɗanye ne fa. Kuma... ƙiftawa yake."

An gyara injin, amma Tokuji bai ƙara shiga ruwa ba. Ko damina ta sauko ba ya leƙa waje. Ya daina gaisuwa a layi, kai ƙasa yake wucewa.

Fusae ba ta taɓa tambayarsa ba. Sai dai duk dare, in ya juya mata baya, takan taɓa shi da ɗan yatsa.

"Juyo ka fuskance ni, maigida. Ba na iya barci yana kallona."