Hanta a Zaure

Adawiyya ta kalli matajin da ke hannunta, ya cika fal da gashi.

Wayarta ta yi ƙara. Mu'az ne... ta kife ta, hawaye na bin kumatunta.

An daɗe rabon da ta fita zance wurinsa. Tun ranar da Nabila, maƙwabciyarsu mai mutuwar son Mu'az, ta hango tsakiyar kanta a gidan kitso, zance ya gama Tudun Wada: wai namijin dare ne ya aure ta, shi ke cinye gashin. Innar Adawiyya kuwa da ma ba ta son haɗa zuri'a da ɗan mahauta, sai ta samu abin faɗa, wai tun da yaron ya fara zuwa abin ya soma.

Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Gashi dai sai zuba, ga jiri, ga haki ko tsakar gida ta share. Amma duk kewar Mu'az ta fi ci mata rai.

Ran nan ya yi sallama a zaure, ta laɓe bayan ƙyaure.

"Fito in gan ki, abar ƙaunata."

"Ba ni iyawa... kaina ya zama abin kunya."

"Ni ba kitso niz zo gani ba. Ji yadda kike haki! Don Allah ki tai asibiti a auna ki."

Ta je. Likita ta ce ƙarancin jini ne ya yi tsanani, zubar gashin alama ce kawai. Ta ba ta magani, ta ce ta yawaita cin hanta da zogale.

Tun daga nan kullum da safe sai a tsinci hanta mai ɗumi a zaure, mai ita ya ajiye ya wuce. Da farko Inna ko kallonta ba ta yi. Adawiyya kan tsaya inda ya tsaya, ta daɗe.

Wata safiya tana shafa ƙananan gashin da suka fara tsirowa a goshinta, sai ta jiyo ƙamshin suya. Inna ce da kanta a gindin murhu.

"Ke, zo ki ci." Inna ba ta ɗago ba. "Gobe in ya kawo, kak ki bari ya wuce. Ki ce mishi ya turo manyanshi."