Littattafan da Suka Fi Kanta Tsawo

Da safe Daraktan laburare ya buga waya ofishin 'yan sanda. An sace manyan tsofaffin littattafan sashen adana tarihi, ga shi gobe wakilan gidauniyar da ta ba da tallafin gina sabon laburaren za su zo duba aiki.

Sufeto ya iske ginin yana warin fenti, na'urar sanyaya ɗaki na ta yi wa kujeru fifita. A bakin ƙofa an zaunar da Goggo, tsohuwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen kula da littattafan, kurtu tsaye a kanta.

"Ita ke riƙe da makullin tsohon sito," in ji Darakta. "Ku tafi da ita kafin baƙi su zo."

"Goggo, me ya ɓata?"

"Manyan ne, ɗana, waɗanda malaman da suka yi ta rubutu da hannu a gefensu. Ranar ƙaura aka kwashe su. Ni kuwa an hana ni shiga nan, wai zan ɓata tayil."

Sufeto ya shiga. Kantoci cike, babu gurbi ko ɗaya, littattafai duk tsawonsu ɗaya kamar kuratan fareti. Ya zaro wani mai sabon jan bango. Takardun ciki sun tsufa, amma gam bai gama bushewa ba. Layin farko na kowane shafi an fille masa kai.

Kafintan da ya yi kantocin ƙanin matar Darakta ne. Sufeto ya sa aka kirawo shi.

"Wa ya ba ka awo?"

"Injiniya, ranka ya daɗe."

"Wane injiniya? Kira shi."

Kafinta ya sosa ƙeya. "Gaskiya Yaya Darakta ne ya miƙo min littafi ɗaya daga kan teburinsa. Ya ce littafi ai littafi ne."

"Da manyan suka ƙi shiga fa?"

"Na ce a sake kanta. Ya ce shi zai san yadda zai yi."

Ɗanyen gam ɗin nan ya kai Sufeto wurin mai ɗinkin littafi na bayan kasuwa, wanda ya rantse bai taɓa ganin Darakta ba. Sufeto ya taka zuwa injin yankan takarda, ya zazzage buhun da ke gindinsa. Siraran takardu suka zubo, kowace ɗauke da ƙananan rubutun tawada, rabin kalma nan, rabin kalma can.

"Wannan fa, gashin kanka ne?"

"Oga, aiki aka ba ni! Darakta ya ce in rage musu sama da gefe har su shiga kanta, in yi musu bango mai kyan hoto."

Sufeto ya dire buhun a kan sabon teburin Darakta.

"Ga ɓarayinka. Littattafan kuma suna nan kan kantarka."

Darakta ya fashe da faɗa. "Gefe ne kawai! Inda ba a buga komai ba! Wasu ne suka yi ta ƙazantar da shi da alƙalami."

"To me ya sa ka ce an sace?"

Muryarsa ta yi ƙasa. "Jiya wakiliyar gidauniyar ta kira. Ta ce rubutun gefen za su fara gani. Ashe don a ɗauki hotonsa suka ba da tallafin gaba ɗaya, har da ginin."

"Ba ka karanta sharuɗɗan ba?"

"Suna da tsawo, Sufeto."

"Shugaban laburare. Su ma da ka kai a rage musu." Sufeto ya juya ga kurtu. "Rabu da Goggo. Kawo ankwa nan."

Goggo ta shigo, ba ta kalli kowa ba. Ta zauna dirshan a kan tayil ɗin, ta jawo buhun, ta fara jera siraran takardun a cinyarta, tana neman inda kowace kalma ta bar 'yar uwarta.

A waje, Darakta ya yi turus a ƙofar motar 'yan sanda, doguwar hularsa ta tokare.

"Sunkuya, Darakta," in ji Sufeto. "Mu ba ma rage wa mutum tsawo."