Zanen da Ya Cika Bango

Dab da magariba Injiniya ya gama kafa sabuwar talabijin a bangon falo. Mai zanen gine-gine ne, kuma idonsa ya soma gajiya da ƙaramin gilashin kwamfuta. Ya jona waya daga kwamfutar zuwa bayan talabijin, ya ɗan daddanna, sai zanensa ya cika bangon tar, har layi siriri kamar gashi ana gani. Matarsa ta tsokane shi, wai yanzu kuskurensa ma sai ya yi ƙiba.

Bai gama dariya ba dutse ya faɗo kan rufin kwano. Sai wani. Suka leƙa tsakar gida, babu kowa.

Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana, da zarar ya jona wayar. A rana ta huɗu 'yarsa Auta ta ƙame gaban talabijin da faranti a hannu, tana kuka da muryar da ba tata ba.

Kaka, mahaifiyar Injiniya, ita ta aika aka kira Malam. Ya daɗe yana karatu, falon tsit sai numfashin yarinyar. Can ta buɗe baki, muryar wani tsohon aljani ta fito. Ya ce tun ana haƙa harsashin gidan shi da danginsa suke nan, ba su taɓa kowa ba. Lokacin da maigidan ke duƙufa kan ƙaramin gilashi ba su kula ba. Yanzu ya baza abin a bango, sun gani: rushe gidan zai yi ya jera shaguna.

Malam ya ce yarinya ba ta da laifi, ya sake ta. Aljanin ya nemi a ba su shekara kafin su bar gidan, Malam ya ƙi. Suka tsaya a kwana bakwai, su kwashe 'ya'yansu. Auta ta yi atishawa, ta sulale, barci ya ɗauke ta.

Kaka ta dogara sanda ta matsa kusa da talabijin. Ba ta iya karatu ba, amma ta gane rijiyar tsakar gida. Ta bi da yatsa zuwa inda ɗakinta yake, ɗakin da Injiniya ya rantse mata ranar rasuwar babansa ba zai taɓa ba. Motoci uku aka zana a wurin.

"Su an ba su kwana bakwai," ta ce a hankali. "Ni nawa ka ba ni?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Jifa ya tsaya daga ranar. Kaka kuwa ta riga aljanun tashi. Washegari ta ɗaure kayanta ta koma gidan 'yarta, ba ta yi masa sallama ba.