Mazarin Mahaifiyar Tabawa

A can wani zamani, a wani ƙaramin gari, an yi wani tsoho mai suna Jatau. Ya gina ɗaki a bakin hanya, ya cika shi da abubuwan da mutane suka yar: fasasshen akushi, ƙahon gada, tsofaffin mazarai na kaɗi. Bai rubuta komai ba, labarin kowane abu yana kansa. Mutanen gari suka ce ya taɓu.

Kullum yakan kira Tabawa mai ƙosai, wadda ta tashi ba uwa, ya ce, "'Yata, shigo in nuna miki mazarin mahaifiyarki. Da shi ta kaɗa zaren zanen goyonki."

Takan ce, "Sai gobe, Baba, kaskona yana kan wuta."

Rani ya wuce, ta ce sai gobe. Damina ta wuce, ta ce sai gobe. Ran nan Jatau ya rasu.

Bayan sadakar uku, Tabawa ta shiga ɗakin. Ta tarar da mazarai arba'in a jere, duk iri ɗaya. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta ajiye.

Ta fito tana kuka, ta ce, "Jama'a, wanne ne na Inna?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Duk garin, babu wanda ya taɓa shiga ɗakin ya saurari Jatau.